Jijjiga, Gado da Hanyar Basirka

A shekarar 2007 Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka tarar a fayilolin ɗakin haihuwa na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Cikin haihuwa 2,197 da aka karɓa a farkon shekarun 2000, mata 207 sun yi jijjiga, kusan ɗaya cikin goma ke nan. Mafi yawansu ba su taɓa taka ƙafa wurin awo ba, fiye da rabinsu ba su cika shekara 20 ba, kusan huɗu cikin biyar kuwa cikin fari ne. Matan da suka rasu a kan gwiwa a asibitin a wannan tsakanin, sama da kashi 40 cikin 100 jijjiga ce ta yi ajalinsu. A Birtaniya, a shekarun nan dai, masu jijjiga ba sa kai uku cikin haihuwa 10,000.

Lissafin asibiti yana buƙatar hattara. Matar Basirka ko Fagam ko Sara da naƙuda ta zo mata da sauƙi, a ɗakinta take haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, babu wanda ya rubuta ta a rajista. Wadda ta isa Birnin Kudu ita ce wadda abu ya gagara a gida, saboda haka adadin ya kumbura. Amma ko an rage, an sake ragewa, abin da ya saura yana da ban tsoro. Wani binciken da aka buga a 2017, wanda ya bi gida gida yana tambayar mata labarin 'yan uwansu mata da suka rasu, ya ƙiyasta cewa a Jigawa mata 1,012 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2020 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne.

Idan yarinya mai cikin fari ta faɗi tana taune harshe, idanu sun kafe, kumfa na fita, bayani iri uku ake ji a tsakar gida. Wasu su ce iska ce, a kawo turare da tafarnuwa. Wasu su ce ƙaddara, a yi shiru. Sai wata tsohuwa daga gefe ta ce, "Ai haka uwarta ta yi a haihuwarta, abin a gidansu yake." Binciken shekaru hamsin da suka wuce ya nuna tsohuwar nan ta fi kowa kusa da gaskiya, duk da cewa rabin labarin kawai ta faɗa.

Asalin ciwon daga mabiyiya yake. A watannin farko na ciki, mabiyiya kan tura wasu ƙwayoyinta cikin bangon mahaifa, su faɗaɗa jijiyoyin jinin uwa don jini ya riƙa kwarara wa ɗan tayi a yalwace. Idan faɗaɗawar nan ba ta kammala ba, sai abin ya zama kamar lambun da magudanar ruwansa ta yi ƙunci: shuka na girma, ruwa ba ya isa. Mabiyiyar da ke cikin ƙunci sai ta fara sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa. A 2003 masu bincike a Boston, ƙarƙashin Ananth Karumanchi, suka gano ɗaya daga cikinsu mai suna sFlt-1, wanda ke lalata shafen cikin jijiyoyin jini a ko'ina a jikin mace. Daga nan jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, fuska da hannuwa su kumbura, hanta ta taɓu; wannan shi ne hawan jinin ciki. Idan ya kai ga ƙwaƙwalwa, jijjiga ke nan. Shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai ciki ya wuce mako 20, shi ya sa kuma maganinsa na ƙarshe shi ne a raba uwa da mabiyiya, ko da ɗan zai zo bakwaini.

To, ina gado ya shigo? Tun a shekarun 1960 wani mai bincike a Amurka, Leon Chesley, ya bi diddigin 'ya'ya mata da 'yan uwan matan da suka taɓa jijjiga, ya ga ciwon yana bin gida. Da aka tattara bincike masu yawa daga baya, sai aka ga macen da mahaifiyarta ko yayarta ta yi hawan jinin ciki, haɗarinta ya kusa ninki uku. Wadda ita kanta ta taɓa yi kuwa, ninki bakwai. A Suwidin, inda rajistar haihuwa ta haɗe da rajistar dangi, wani bincike na 2004 ya ƙiyasta cewa sama da rabin bambancin da ke tsakanin mata a wannan ciwo daga gado yake: kashi 35 daga ƙwayoyin halittar uwa, kashi 20 daga na ɗan da ke ciki.

Wannan kashi 20 ɗin shi ne rabin labarin da tsohuwa ba ta faɗa ba. Mabiyiya ba naman uwa ba ce, naman jariri ce, rabin ƙwayoyin halittarta kuwa daga uba suka zo. A 1998 masu bincike a Norwe suka duba mazan da suka haihu da mace fiye da ɗaya, suka ga cewa idan matar farko ta yi hawan jinin ciki, ta biyu ma haɗarinta ya kusa ninki biyu, alhali babu dangantakar jini tsakanin matan. An kuma ga namijin da mahaifiyarsa ta yi wannan ciwo lokacin da take ɗauke da cikinsa, shi ma matarsa ta fi shiga haɗari. A 2017 aka nuna wurin da yatsa: wani ɗan bambanci kusa da ƙwayar halittar FLT1, a jikin jariri ba a jikin uwa ba, yana ƙara yiwuwar ciwon.

Mu da muke zaune a ƙasar da gida ɗaya ke da uwargida da amarya, wannan magana ta shafe mu fiye da mutanen Norwe. Idan dangin miji sun zauna suna cewa "an kwaso mana mai ciwo", ya kamata wani ya tuna musu cewa ɗansu ma yana da hannu. Kuma a ganina, idan ana tambayar mai ciki tarihin gidansu a wurin awo, babu laifi a ƙara da tambayar ko kishiyarta ta taɓa yin hawan jini da ciki. Abin da Turawa suka sha wahala kafin su tattaro daga auren saki da sake aure, mu yana nan zaune a gidajenmu: uba ɗaya, uwaye daban, abinci ɗaya, rijiya ɗaya. Mai binciken da ke son raba gadon uba da gadon uwa zai yi wuya ya samu wurin da ya fi ƙauyukan Gwaram dacewa.

Sai dai binciken ƙwayoyin halitta bai cika waiwayo mu ba. Wani lissafi na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi biyu kacal, alhali a Afirka ne bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam ya fi yawa. Ɗan abin da aka duba ya riga ya nuna cewa ba za a ɗauko sakamakon Turai a kifa mana ba. A asibitin Mulago da ke Kampala, Dakta Annettee Nakimuli tare da Farfesa Ashley Moffett ta jami'ar Kambirij suka gano a 2015 cewa wasu matan Yuganda na ɗauke da wani nau'in ƙwayar garkuwar jiki da ke kare su daga hawan jinin ciki, nau'in da babu shi a jikin Turawa. Ga kuma APOL1. A 2010 aka gano nau'i biyu na wannan ƙwaya da suka yawaita a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ƙodarsa na cikin haɗari. A 2018 aka ga cewa a tsakanin baƙaƙen fatan Amurka, idan jariri ya gaji biyun, mahaifiyarsa ta fi yin hawan jinin ciki. Jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar tekunmu aka auna a can, kafin a auna mu a nan.

Akwai wani ciwon da duniyar likitanci ta san sunan ƙasar Hausa ta dalilinsa. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, sai bayan wasu makonni ta fara haki, ƙafafu su kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta barci. Zuciya ce ta buɗe ta kasa harba jini. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bayanin mata 224 da suka gani da wannan ciwo a Zariya, suka ɗora alhakin a kan wankan jego: tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai tara gishiri da ruwa a jiki. Hujjar ta shiga littattafan koyar da likitoci, aka yi ta maimaita ta shekara da shekaru, har ta zama kamar an rufe magana.

Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake buɗe ta. Rajistar da ya jagoranta a asibitocin sassan Najeriya ta tabbatar da cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari a Kano, kwatankwacin abin da aka gani a Sakkwato tun 2007, alhali a Amurka ɗaya ne cikin dubbai. Amma da ya kwatanta masu ciwon da masu jego lafiyayyu, sai ya tarar duka suna wanka, duka suna shan kunun kanwa. Abin da ya fi raba su shi ne rama, talauci, rashin karatu, tarihin hawan jinin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, wanda likitoci a Yamai suka riga suka lura da shi tun farkon shekarun 1990. A gefe guda kuma, wani bincike na 2016 a kan mata 172 daga Amurka da Jamus da Japan ya samu cewa kusan kashi 15 cikin 100 na masu wannan ciwo suna ɗauke da wani lahani na gado, yawanci a ƙwayar da ke gina titin, furotin ɗin da ke ba naman zuciya danƙo. Lahanin na nan kwance tun haihuwarsu, nauyin ciki ne ya tone shi.

Ban kawo wannan don in wanke wankan jego ba. Mai hawan jini ba ta da abin yi da kanwa, ƙunar ruwan zafi kuma ba ƙarya ba ce, ma'aikatan asibiti na ganinta. Abin lura shi ne an yi shekara talatin ana zargin al'ada, saboda ita ce baƙon ido ya fara gani, aka manta da tambayar me macen ke ci da kuma me ta gada.

Gadon da muka fi sani, wanda kuma za a iya auna shi da ɗigon jini a ƙaramin asibiti, shi ne sikila. A nan Jigawa ma tana da tarihi. Lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki daga 1969 zuwa 1976, Farfesa Alan Fleming da abokansa sun auna jinin mutanen ƙauyukan, suka ga jarirai kusan biyu cikin ɗari ana haifar su da SS, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai shi. Yaran sun mutu tun suna ƙanana, da yawansu ba tare da an san sunan ciwonsu ba, wataƙila ma an ce uwarsu wabi take yi. Yau da yawa suna rayuwa, suna girma, suna aure, suna ɗaukar ciki, cikin mai sikila kuwa yana cikin mafi haɗari: rikicin ƙashi, ƙarancin jini, hawan jini, ɓari. Irin wannan mace bai kamata ta yi naƙuda a wurin da babu ledar jini a kusa ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, idan biyu suka haɗu kuma kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki, ba kowane ɗa na huɗu ba, kamar yadda wasu ke lissafawa su ce sun riga sun biya nasu. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Inda auren zumunci ya yi ƙarfi, kamar rugagen Fulani da manyan gidajen ƙauye, gwajin ya fi zama dole, domin 'yan uwa sun fi haɗuwa a kan abu ɗaya da suka gada daga kaka.

A taƙaice ga wasu biyu. Mace mai rukunin jini da ake ce wa negetib, idan mijinta fozitib ne, jikinta kan iya koyon yaƙar jinin 'ya'yanta bayan haihuwar fari, sai ta riƙa ɓari ko haihuwar jarirai masu shawara mai tsanani, alhali allura ɗaya cikin kwana uku bayan haihuwa ta isa ta hana. Laulayin da ya wuce misali kuma, na aman da ko ruwa ba ya zama, wanda ake ce wa mace raki ne ko son jiki, binciken Marlena Fejzo da Stephen O'Rahilly na 2023 ya nuna wani sinadari ne mai suna GDF15 da mabiyiya ke saki ke jawo shi, gado kuma na da hannu a yadda jikin mace ke jure shi.

Duk wannan ya bayyana wadda za ta kamu. Bai bayyana wadda za ta mutu ba. Jinin matan Landan da na matan Birnin Kudu bai bambanta ninki ɗari ba. Tun 1995 aka tabbatar allurar magnesiyam salfet ta fi diazefam tsayar da jijjiga, a 2002 kuma gwajin Magpie, mai mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Magani ne mai araha. Daga 2008, da aka shigar da shi manyan asibitoci goma na Jihar Kano, aka horar da ma'aikata, a aikin da Jamilu Tukur ɗin nan ya kasance cikin jagororinsa, mutuwar masu wannan ciwo ta sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. Babu ƙwayar halittar da ta canja a Kano cikin shekara guda. Haka zubar jini bayan haihuwa: gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin 100 a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, da leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ido, a kuma haɗa magungunan lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa Kelsey Harrison ya faɗi kusan haka tun da daɗewa. Ya bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya ga mutuwa ta taru a kan waɗanda ba su yi awo ba, ba su yi makaranta ba, aka kawo su a makare. Ya kuma ga wani abin mamaki: 'yan mata ƙanana masu ciki da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Ƙugun da ake cewa ƙarami ne a halitta, sau da yawa yunwa da zazzaɓi ne suka tsayar da shi. Wanda ya je sashen masu yoyon fitsari na asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, zai ga ƙarshen wannan labari a fuskokin yara mata.

Sannan ga hanya. Daga Basirka sai an bi ta Gwaram kafin a kama hanyar Birnin Kudu, da damina kuwa ruwa kan ci hanyar. A Agustan 2021 gada ta karye a Radabi, mota ta rufta da matafiya. Mai jijjiga da dare sai an nemo mai gida, an nemo kuɗin mai, an nemo direban da zai yarda. Jigawa ta ƙirƙiro shirin Haihuwa Lafiya don irin wannan jigila, tunani ne mai kyau, amma mota ba ta mayar da awannin da aka ɓata ana hayaƙi da ɗura rubutu. Wanda ya tsinci kansa a gaban mai jijjiga, ya kwantar da ita a gefen hagu, kada ya cusa mata cokali a baki, kada ya ɗura mata komai domin huhu zai tafi, a nemi mota nan take. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

A nan ne sanin gado zai yi mana amfani tun kafin injin karanta ƙwayoyin halitta ya iso Dutse. Malamar awo a ƙaramin asibitin Basirka ba ta buƙatar komai sai na'urar awon jini, tsinken gwada fitsari, da tambayoyi kaɗan: cikin fari ne? Tagwaye ne? Mahaifiyarki ko yayarki ta taɓa jijjiga? Akwai wadda zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa a danginku? Mene ne rukunin jininki? Wadda amsarta ta nuna haɗari, akwai abin yi. Ƙaramin asfirin kullum, idan ma'aikacin lafiya ya fara ba ta shi kafin mako 16, ya rage hawan jinin ciki mai zuwa da wuri da kashi 62 cikin 100 a gwajin da aka buga a 2017. Kalsiyam ma na taimaka wa matan da abincinsu ba shi da shi, binciken Indiya da Tanzaniya na 2024 kuma ya nuna ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 a rana tana aikin da ake sa ran uku za su yi, abin da ya sauƙaƙa kuɗi da haɗiya. Idan awo ya kai 140 bisa 90 a sa ido, idan ya kai 160 bisa 110, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da ciwon ƙahon zuci suka zo, ba a kwana.

Matsalar ita ce wadda ta fi kowa haɗari ita ce ta fi kowa shiru. Mai cikin fari kunya ta hana ta ambaton cikin, balle ciwon kai. Amma al'adar goyon ciki ta mayar da ita gaban mahaifiyarta a watannin ƙarshe, wato gaban mutum ɗaya tilo da ta san abin da ya faru a haihuwar gidan. Uwar da ta san ta taɓa jijjiga ita ya kamata ta fara cewa a kai yarinya kusa da asibiti tun naƙuda ba ta zo ba, ta kuma raka ta awo ta amsa tambayoyin da 'yar ba za ta iya amsawa ba.

Ciwon kuma ba ya ƙarewa ranar suna. Jijjiga na iya zuwa kwanaki bayan haihuwa, lokacin da kowa ya saki jiki. Bincike ya nuna macen da ta yi hawan jinin ciki, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a gaba ya kusa ninki biyu a kanta. Irin wannan mace tana buƙatar a auna jininta a makon farko, a sake aunawa idan ta yi arba'in kafin ta koma ɗakinta, a kuma rubuta abin da ya faru a katin da za ta ajiye, domin 'yarta za ta buƙace shi nan da shekara ashirin.